Yadda Ake Tsara Hutun Kwana Huɗu da Abokai a Kuala Lumpur

Cikin manyan biranen kudu maso gabashin Asiya, Kuala Lumpur, babban birnin Maleshiya, shi ne zai fi yi wa Bahaushe sauƙin zama. Abincin halal ko'ina akwai shi, kusan kowane babban kanti da tashar jirgin ƙasa na da ɗakin sallah, mutanen gari suna jin Turanci, ga ɗalibanmu da suka daɗe suna karatu a jami'o'in ƙasar. Amma hanya ce mai nisa, hutun kuma gajere ne, duk abin da aka bari a baibai tun daga gida zai cinye yini guda cikin huɗun. Abu uku ne suka fi ɓata irin wannan tafiya: maganar kuɗi da aka ji nauyin yi, takarda ɗaya da wani bai tanada ba, da jadawalin da aka cusa wa wurare goma a yini. Don haka yawancin aikin a gida ake yin sa.

Ku fara zama kan mutane da kuɗi

Mutum huɗu ya fi daidai. Mota ɗaya ta ishe ku, ɗaki biyu ya ishe ku, tebur ɗaya a gidan abinci. Da kun kai biyar sai an riƙa neman babbar mota, ɗaki na uku kuma ya shigo, a fara muhawarar wanda zai kwana shi kaɗai da nawa zai biya.

A zaman farko kowa ya faɗi abin da zai kai shi. Akwai wanda hoto kawai yake so a gaban dogayen gine-gine, akwai mai son masallatai da kayan tarihi, akwai kuma wanda a zuciyarsa sarin waya da atamfar ƙasar zai je yi amma bai faɗa ba. Gara a sani tun yanzu a ware masa rabin yini, da a je can ya riƙa jan ƙafa a gidan tarihi.

Sai ku naɗa ma'aji. Kowa ya zuba kaso daidai a asusun haɗaka, daga ciki za a biya masauki, mota da kuɗin shiga wurare. Abinci da tsaraba kowa da aljihunsa, domin cin mutane ba ɗaya ba ne. Ma'aji ya riƙa tura lissafi a zauren WhatsApp na tafiyar kowane dare. Dole a sami wanda zai ce, "Haba mutumina, ai mu ne, sai an rubuta?" E, sai an rubuta. Ku kuma yanke tun yanzu abin da zai faru da kason wanda ya fasa bayan an biya otal, ko wanda aka hana biza.

Takardu

Masu fasfon Najeriya, Nijar, Gana da Kamaru suna buƙatar biza kafin su tashi. Ofishin jakadancin Maleshiya a Najeriya yana Abuja, can za ku tabbatar da takardun da ake nema a lokacin da za ku tafi, domin sharuɗɗan na sauyawa. A fara nema da wata biyu ko fiye, kuma kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida daga ranar shiga. In za ku bi ta hannun eja, ku nemi wanda wani naku ya taɓa bi ta hannunsa, kuma ku karanta abin da aka rubuta a bizar da kanku: biza ce ta ziyara, kwana nawa, shiga sau nawa.

Ka'idar da ake bi wa masu waɗannan fasfuna ita ce su shiga ƙasar ta filin jirgin sama. Wannan ya shafi masu tunanin tsallakawa Singafo a bas su dawo. Singafo na da ka'idojin shigarta daban, dawowar kuma sabuwar shiga ce. A hutun kwana huɗu ku cire wannan daga rai.

Takarda ta biyu ita ce katin allurar rigakafin shawara, mai launin rawaya. Maleshiya na nemansa daga duk wanda ya fito daga ƙasashen da cutar take, mu kuwa muna ciki. Katin ba ya fara aiki sai kwana 10 bayan allurar, saboda haka ba abin da za a bari sai makon tafiya ba ne.

Ta uku ita ce katin sanar da isowa da ake cikewa a intanet, wanda suke kira MDAC. Cikin kwana uku kafin sauka ake cika shi, a shafin hukumar shige da fice ta ƙasar, kuma kyauta ne. Akwai shafukan bogi da ke karɓar kuɗi a kansa, duk wanda ya nemi ku biya ku rufe shi.

Kowa ya riƙe bugaggen kwafin tikitin dawowa da takardar kama otal mai ɗauke da sunansa, kada su tsaya a wayar mutum ɗaya. Ɗaya bayan ɗaya ake tsayawa gaban jami'i, kuma riƙe biza bai hana shi mayar da mutum in bai gamsu ba. Ana yawan yi wa masu fasfon Afirka ƙarin tambayoyi: ina za ka sauka, kwana nawa, nawa ne a hannunka, me kake yi a gida. Amsa gajere, gaskiya, kuma ta yi daidai da ta abokanka.

Magana guda da ba ta wasa ba: kada wanda ya karɓi saƙon da bai buɗe da hannunsa ya gani ba, ko daga wa ya fito. Hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a Maleshiya yana kaiwa ga kisa. Mai shan magani ya tafi da shi cikin kwalinsa tare da takardar likita, musamman masu ƙarfi na kashe ciwo. Kilishi da dambun nama a bar su a gida, shigar da nama na buƙatar izini.

Tikiti da lokacin tafiya

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya zuwa Kuala Lumpur. Ana yada zango a Doha, Adis Ababa, Dubai ko Istanbul, kuma in aka haɗa da jira, tafiyar na cin kusan yini da kwana. Wato kwana huɗu a gari na nufin hutun kwana shida ko bakwai daga wurin aiki. Ku sayi tikiti ɗaya da ya haɗe tafiyar gaba ɗaya, don kayanku su wuce kai tsaye, kuma in jirgin farko ya makara alhakin kamfani ne.

Agogon Maleshiya na gaban na Najeriya da Nijar da awa 7. Sha biyun dare a can biyar ɗin yamma ce a Kano. Daren farko ido zai bushe har kusan asuba, da hantsi kuma barci ya danne kowa. Shi ya sa ya fi kyau a zaɓi jirgin da ke sauka da rana ko yamma, a daure kada a kwanta sai bayan isha'i, kuma kada a sa komai mai tikiti a safiyar farko.

Yanayi kusan ɗaya ne duk shekara: zafi mai gumi, wajen digiri 32 da rana, sai hadari ya haɗu da la'asar a tsuge da ruwa da tsawa na awa ɗaya ko biyu. Ruwan ya fi yawa daga Oktoba zuwa Disamba da kuma Maris zuwa Afrilu. Ku tsara yawon waje da safe, na cikin gini da la'asar. Ku duba kalanda ma: a ƙaramar sallah mutanen gari na watsewa garuruwansu, a sabuwar shekarar Sinawa kuma, cikin Janairu ko Fabrairu, shaguna da yawa na rufewa. Azumi kuwa na da nasa daɗin, domin kasuwannin buɗa-baki na cika tituna tun la'asar.

Masauki

Ma'auni ɗaya ne: tafiyar minti biyar zuwa goma a ƙafa daga tashar jirgin ƙasa. Bukit Bintang ita ce tsakiyar hada-hada, kantuna da gidajen abinci har tsakar dare, har da layin Larabawa mai shinkafa da gasasshen nama ga wanda cikinsa bai karɓi abincin gari ba. Sai dai akwai hayaniya da mashaya. Unguwar KLCC, inda tagwayen benayen Petronas suke, ta fi tsada da natsuwa. KL Sentral ita ce mahaɗar jiragen ƙasa duka, ta dace da masu niyyar fita wajen gari. Kewayen Masjid Jamek da titin Tuanku Abdul Rahman ya fi arha kuma yana bakin kasuwar yadi. Ni dai ga abokai huɗu da suka zo karon farko, Bukit Bintang zan ce, amma a wani layi na baya, ba kan babban titi ba.

Gida mai ɗaki biyu da falo a dogon bene yakan fi ɗakunan otal biyu arha, ga injin wanki da wurin dafa shayi. Abin lura shi ne yawancinsu babu mai tarbar baƙi, lambar akwatin makulli ake turo wa mutum a waya. Wanda zai sauka da daddare ba layin waya, otal ya fi masa. Ana karɓar harajin yawon buɗe ido na ringit 10 (kuɗin ƙasar ke nan) kan kowane ɗaki a kowane dare daga baƙi 'yan waje, wasu otal kuma na riƙe kuɗin ajiya su mayar ranar fita. Ma'aji ya sa su a lissafi.

Kuɗi da kaya

Naira da sefa ba su canzuwa a can. Ku tafi da dala, sababbin takardu na 50 da 100 marasa yagewa ko rubutu, domin 'yan canji na ƙin tsofaffi ko su karya musu farashi. A filin jirgi ku canza kaɗan na mota da layin waya, sauran a shagunan canji na Bukit Bintang ko Mid Valley, inda farashi ya fi kyau. Wanda ke ɗauke da abin da ya haura dala 10,000 dole ya bayyana wa kwastan. Kada kowa ya dogara da katin bankin gida shi kaɗai, ya tambayi bankinsa iyakar abin da zai iya kashewa a waje tun kafin tafiya.

Kaya marasa nauyi na auduga, takalmin da ake saurin cirewa saboda masallatai, ƙaramar lema, da riga mai ɗan kauri guda, domin sanyin na'ura a jirgin ƙasa da kantuna ba kaɗan ba ne. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Najeriya, mutanen Nijar da Kamaru ne za su nemi mahaɗi. Man shafawa na korar sauro ma ya shiga jaka, saboda zazzaɓin dengi da sauron rana ke yaɗawa. Ku bar rabin akwati fanko.

Daga filin jirgi zuwa gari

Filin jirgin KLIA yana Sepang, wajen kilomita 50 kudu da birnin. Bayan shige da fice da ɗaukar kaya, ku sayi layin waya a nan take. CelcomDigi, Hotlink da U Mobile duk suna da layin baƙi mai data, da fasfo ake rajista. Aƙalla mutum biyu su saya, don in an rabu a iya samun juna.

Jirgin ƙasa mai sauri, KLIA Ekspres, yana kai wa KL Sentral cikin kusan rabin awa a kan ringit 55. Ga mutum ɗaya ya yi, amma ku huɗu ringit 220 ke nan, kuma sai kun sake hawa wani abin zuwa masauki. Motar Grab, wadda ake kira ta manhajar waya, ba ta cika kai rabin haka ba, har ƙofar otal, cikin awa ɗaya in hanya ta yi kyau. In akwatuna sun yi yawa ku kira mai kujera shida. Ku sauke manhajar tun a gida. Duk wanda ya tare ku a zaure yana cewa taksi, ku ce masa an gode.

A cikin gari jirgin ƙasa ya fi komai. Kowa ya sayi katin Touch 'n Go ya zuba masa kuɗi, yana aiki a LRT, MRT, jirgin sama-sama mai layi ɗaya da bas, tafiya ɗaya kuma 'yan ringit ce. Layi biyu za ku fi hawa: na Kelana Jaya, mai bi ta KL Sentral, Pasar Seni, Masjid Jamek da KLCC, da na Kajang mai bi ta Bukit Bintang. Akwai taragon mata zalla mai alamar ruwan hoda, maza su kula kada su faɗa ciki da gudu. Daga biyar zuwa bakwai na yamma, balle in an yi ruwa, tituna na cushewa farashin Grab ya tashi. A hagu suke tuƙi, wajen tsallaka titi a fara duba dama.

Yinin farko: kusa da gida

Ku yi barcinku, ku fito da azahar. Daga Bukit Bintang akwai doguwar gada ta masu ƙafa, rufaffiya mai sanyi, da ke kai wa KLCC cikin kwata. Can ne tagwayen benayen Petronas suke, hawa 88, tsayin mita 452, waɗanda suka riƙe kambun gini mafi tsawo a duniya daga 1998 zuwa 2004. Tsarin ƙasansu tauraro ne mai kusurwa takwas irin na zanen Musulunci. Mai son hawa gadar da ta haɗa su a hawa na 41 da ɗakin kallo na hawa na 86 ya sayi tikiti a intanet kwanaki kafin nan, yana ƙarewa da wuri, kuma galibi ba a hawa ran Litinin. A ganina ba dole ba ne duka ku hau. Daga cikin ginin ba a ganin ginin. Hoto mai kyau daga lambun da ke bayansa ake ɗauka, bayan magariba, lokacin da aka kunna fitilu ruwan tafki ya fara rawa da ƙarfe takwas. Masallacin As-Syakirin na gefen lambun.

Abincin dare ku tsallaka gadar Saloma zuwa Kampung Baru, tsohuwar unguwar Malayawa mai gidajen katako a gindin benaye. Nan za ku fara cin nasi lemak: shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, da soyayyar gyaɗa, ƙananan busassun kifi, ƙwai, kokwamba, da jan yaji mai zaƙi-zaƙi da ake kira sambal, a ƙara soyayyar kaza in ana so.

Yini na biyu: tsohon gari

Wannan ne yinin da ya fi cika, kuma in ya faɗo Juma'a ya fi. Ku sauka a tashar Masjid Jamek da sassafe. Masallacin, wanda aka buɗe a 1909, yana daidai inda kogin Klang da na Gombak suka haɗu, wurin da masu haƙar kuza suka kafa garin a tsakiyar ƙarni na 19. Tafiya kaɗan sai dandalin Merdeka, inda aka ɗaga tutar 'yancin kai ranar 31 ga Agusta 1957, yana fuskantar ginin Sultan Abdul Samad mai hasumiyar agogo, na 1897. Daga ko'ina a nan za ku hango Merdeka 118, mai mita 679, na biyu a tsawo a duniya bayan Burj Khalifa.

Kafin rana ta take ku ɗauki mota zuwa gidan adana kayan fasahar Musulunci, wanda aka buɗe a 1998. Ko wanda ba ya son gidan tarihi zai tsaya a nan. Akwai zauren da aka jera ƙananan siffofin masallatan duniya, har da Harami da masallacin Madina, da zauren Alƙur'anai rubutun hannu, wasu da ruwan zinare, daga Farisa, Turkiyya, Sin da tsibiran Malayawa. Ku ba shi awa biyu. Babban masallacin ƙasa, Masjid Negara, yana tsallaken titi. An gina shi a 1965, rufinsa kamar buɗaɗɗiyar lema, hasumiyarsa mita 73, yana ɗaukar mutum 15,000. Ran Juma'a ku shiga kafin ɗaya, huɗuba da Malayanci ake yi.

La'asar, lokacin ruwa, ta Central Market ce, tsohuwar kasuwa mai rufi inda ake sayar da batik, wato atamfar ƙasar, da kayan sassaƙa. Titin Petaling na kusa, cike da agoguna da jakunkuna masu sunan manyan kamfanoni. Kwaikwayo ne duka, mai saye ya taya ƙasa da rabi.

Yini na uku: wajen gari, wuri ɗaya ko biyu

Kogon Batu yana kilomita 13 arewa da birni, jirgin KTM Komuter daga KL Sentral a bakinsa yake ƙarewa, sai dai yana jinkiri tsakanin jirgi da jirgi, a duba jadawali. Wurin bautar Hindu ne, da gunki mai ruwan zinare na kusan mita 43 a ƙofa, da matakala 272 masu launi-launi zuwa cikin dutsen. Ku yi maganar tun da dare: wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shiga ba ya tsaya ƙasa ya sha ruwan kwakwa, kada a matsa masa. Masu hawa su je kafin tara, su rufe gwiwa, su kuma ɓoye duk abin ci. Biran wurin sun san leda. Za ka ga ɗaya zaune kan dogarin matakala kamar ba ruwansa, kana wucewa ya fizge robar lemo, ya koma gefe ya kwance murfin da haƙori. Lokacin bikin Thaipusam, a Janairu ko Fabrairu, ba masaka tsinke.

Da yamma Putrajaya, birnin da gwamnati ta koma a 1999, wajen kilomita 30 kudu. Jirgin MRT na zuwa, daga tasha a ɗauki Grab zuwa masallacin Putra mai launin hoda a bakin tafki, kusa da ofishin firaminista. A yi magariba a can a dawo.

In kun fi son tarihi, ku bar waɗannan biyun ku ba Malaka yinin gaba ɗaya. Tsohuwar daular Musulunci ce da Turawan Fotugal suka ci a 1511, awa biyu a bas daga tashar TBS. Tsaunin Genting kuma sanyi ne da keken igiya da gidan caca. Kada ku haɗa ukun.

Ci da sallah

Maleshiya ƙasa ce ta Malayawa, Sinawa da Indiyawa, ba kowane gidan abinci ne halal ba. Ku nemi tambarin halal na hukumar JAKIM a ƙofa, ko ku ci a wurin Malayawa da na mamak, wato Indiyawa Musulmi. Titin Alor da ake ta yabo a intanet yawancinsa abincin Sinawa ne, da naman alade da giya. A je kallo, a sayi 'ya'yan itace, a ci abinci a wani wuri.

Shagon mamak shi ne majalisar garin, da yawa ba sa rufewa, kuma shi ne maganin wanda barci ya ƙi. Roti canai, gurasa mai laushi da ake murzawa a soya a faranti, da romon wake, kuɗinta ringit biyu ko uku. Shayinsu teh tarik da madarar gwangwani ake haɗa shi, a riƙa ɗaga shi daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa, kamar yadda mai shayin bakin titi ke yi a gida. Sukari ne dai ya yi yawa, ku ce "kurang manis" a rage. A wurin nasi kandar, inda ake nuna abin da ake so a zuba kan shinkafa, ku tambayi kuɗin kifi da jatan lande kafin a ɗora, nan lissafi ke tashi. Wanda jikinsa ba ya son jatan lande ya kiyayi sambal, ana saka daddawarsa a ciki, mai ƙin gyaɗa kuma ya kiyayi miyar satay, wato tsirensu. Duriyan, wani ɗan itace mai ƙaya, a ci shi a inda aka saya, otal-otal sun hana shiga da shi saboda wari. An hana shan taba a gidajen abinci tun 2019.

Ɗakin sallah sunansa surau, haka za ku gani a allo. Alƙibla a can tana wajen yamma, ta ɗan karkata arewa, kuma yawancin ɗakunan otal na da kibiya a silin ko cikin durowa. Lokutan sun ja baya: asuba wajen shida saura, azahar bayan ɗaya, magariba bakwai da 'yan mintuna. Shafi'awa ne, za ku ji bisimilla a bayyane, da alƙunutu bayan ruku'u a sallar asuba, liman na addu'a mamu na amin hannu a sama. Ku kuma ƙirga kwanakinku, domin a Malikiyya niyyar zaman kwana huɗu cikakku na yanke ƙasaru.

Mata Malayawa da yawa ba sa musabaha da maza, nuni da ɗan ali kuma rashin ladabi ne, da babban yatsa suke nunawa. Garin na da kwanciyar hankali, amma akwai masu fizge a babur, jaka da waya su kasance ta ɓangaren da ba titi ba. Fasfo ya kasance a jiki cikin jakar da ba ta jiƙewa, 'yan sanda na iya tambaya. Lambar gaggawa 999 ce, Najeriya kuma na da ofishin jakadanci a birnin.

Yini na huɗu: kasuwa da haramar dawowa

Yau kowa ya kama gabansa, a sa wuri da lokacin haɗuwa. Masu yadi, mayafai, abaya da hijabai su nufi titin Tuanku Abdul Rahman da titin Masjid India, a can ake tayi, kuma sayen da yawa na karya farashi. Masu waya da kwamfuta Low Yat Plaza a Bukit Bintang: a zaga shago uku ko huɗu kafin a ciro kuɗi, a buɗe kwali a kunna a gaban mai shago, a karɓi rasit, a tambaya ko garantin na aiki a wajen Maleshiya. Wanda ke da ƙani ko ɗan unguwa a Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Gombak, ko wata jami'ar, yau ce ranar ziyara, kuma ɗalibi ya fi kowa sanin inda ake samun abu da arha.

Ku auna akwatuna a masauki, kuɗin ƙarin nauyi a filin jirgi na iya fin abin da aka saya. Batirin ajiyar caji a jakar hannu yake tafiya. Ku duba tikiti ku ga tashar da jirginku zai tashi, domin KLIA tasha biyu ce, ta 1 da ta 2, kuma ba a tafiya tsakaninsu a ƙafa. Ku bar gari awa huɗu da rabi kafin tashi, biyar in yamma ce ko ana ruwa. Ragowar ringit a mayar da ita dala a shagon canji na cikin gari tun da rana, a bar na mota da na shayi kawai.